Dalilin da ya sa Baƙuwar gulbi take siririya, ta tafki kuma mai faɗi

Dalilin da ya sa kifin nan da ake kira Baƙuwa yake da jiki iri biyu a Tungar Kaiwa, na gulbi siriri kamar wuƙar yanka albasa, na tafki kuwa mai faɗi kamar faifai, alhali asalinsu ɗaya, ba wani abin al'ajabi ba ne, yara. Ba aljani a ciki, ba bakin waliyyi. In kun ji wani yana ba ku labarin 'yar ruwa da ta taka wasu ta ja wasu, ku gaishe shi da ladabi ku wuce. Wa da ƙane ne suka yi faɗa, kifi ya ɗauki shaida a jikinsa.

A da can, ruwan Tungar Kaiwa ɗaya ne. Gulbi ya gangaro daga arewa, ya matse ta wani wuri da ake ce wa Maƙogwaro, sannan ya buɗe ya zama tafki. Akwai karfasa, akwai kurungu, akwai ragon ruwa, akwai bargi mai gina sheƙa a cikin ciyawa. Baƙuwa ce kaɗai babu, kuma ba a ji wanda ya yi kewarta ba.

Sarkin Ruwan wancan zamani ya rasu ya bar 'ya'ya maza biyu. Babban, Arzika, ya gaji sarauta da kalli, ragar nan da ake ratayawa cikin ruwa kamar labule, kifi ya zo wucewa ya maƙale a idonta. Ƙaramin, Nomau, ya gaji gura, kwandon nan mai matsattsen baki da ake sa wa dusa a nutsar, kifi ya shiga ya rasa hanyar fita. Masu kalli suna kiran masu gura "masu kamun zaune", masu gura suna kiran masu kalli "masu shanya". Wasa ne, har ranar da ya daina zama wasa.

Wata shekara Arzika ya tafi kudu gaishe da wani takwaransa, ya dawo da tulu a gaban jirgi, an rufe bakinsa da ganye. Ya aika aka kira Nomau.

"Ga amana," in ji shi. "Guda bakwai ne. Mai masaukina ya ce kifin nan ba ya ciwo, ba ya zaɓen abinci, kuma sau huɗu yake haihuwa a shekara."

Nomau ya leƙa tulun, ya ga wasu 'yan kifaye masu launin toka, ba sirara ba, ba masu faɗi ba, kifi dai kamar kowane kifi.

"Yaya, abin da ba ya ciwo, ba ya zaɓen abinci, yana haihuwa sau huɗu, me ya sa mai shi ya ba ka kyauta?"

"Kai dai komai sai ka tona. Zuba su a kududdufin bayan gidanka su girma."

"Kududdufin da ke haɗewa da tafki in ruwa ya yi yawa?"

"Yaushe rabon da ruwa ya yi yawa?"

Shekara tara ke nan rabonsa. Nomau ya ɗauki tulu, don wa wa ne, ya je ya zuba. A tsakiyar daminar wannan shekarar, ruwa ya tuna.

Kafin a shekara biyu, Baƙuwa ta cika tafki ta haura gulbi. Ta cinye ƙwan karfasa, ta rushe sheƙar bargi, ta dama laka har ruwan ya koma kamar kunun kanwa. Da a ce tana da daɗi, da an yi haƙuri. To namanta kamar audugar da ta jiƙa, ƙayarta kuwa ta fi naman yawa. Mata suka fara dawowa daga kasuwa da kwandunansu yadda suka tafi da su. Gari ya ɗau zafi, aka taru gaban Maigari.

Akwai al'ada a tungar, kowa ya san ta: wanda ya ɓata ruwa, a fasa jirginsa a bakin gaɓa, ya bar gari. Nomau ya zo taron da kwanciyar hankali, don duk garin sun ga ranar da tulu ya sauka da kuma jirgin da ya sauko daga ciki. Yana jira ne wansa ya tashi ya ce kuskure ne na gida, su biyu za su gyara. Arzika kuwa ya tashi, ya gyara rawani.

"Ranka ya daɗe, ni a tulu na kawo su. Tulu kuwa ba ya haihuwa. A tambaya, a kududdufin wa suka yi aure?"

Nomau ya ji kamar an watsa masa garwashi a ƙirji. Bai san lokacin da ya miƙe ba.

"Kai ka ce in zuba!"

"Na ce ka zuba. Na ce ka saki?"

"Na gaya maka kududdufin yana haɗewa da tafki! Da bakina na gaya maka!"

"To ka sani, ka zuba," in ji Arzika, ya juya ga jama'a. "Ai mai gura ke nan. Ya ajiye abu ya tafi ya kwanta, Allah ya yi sauran."

Masu kalli suka yi dariya. Sai da mutum uku suka riƙe Nomau.

Maigarin nan ya daɗe a sarauta, kuma sirrinsa ɗaya ne: bai taɓa yanke hukunci bana ba in ana iya kai shi baɗi. Ya ce a kafa shinge a Maƙogwaro, na gora da kaba, saƙa mai kauri da ko ɗan kifi mai tsawon yatsa ba zai ratsa ba. Gulbi na Arzika, tafki na Nomau, kowa ya share gidansa. Bayan damina biyar za a duba. Wanda aka samu Baƙuwa ta fi yawa a wajensa, shi ne ya ɓata ruwa, shi za a fasa wa jirgi.

"Na yarda," in ji Nomau, yana haki. "Amma ba ɗan garin nan ne zai duba ba, duk sun ci kifin Sarkin Ruwa. A kira mai birgi daga ƙetare, ya jefa ragarsa sau uku a gulbi, sau uku a tafki, a ƙirga a gaban kowa."

Aka yaba masa da wayo. Arzika ya yi murmushi.

"Da gura za ka share tafki? In ka gaji ka aiko, in ara maka kalli."

"Na rantse da Allah, zaren kalli ba zai taɓa ruwana ba!"

"Ni ma gura ba za ta shiga gulbina ba. Ba na son ƙazanta."

Aka kafa shinge. Nomau ya koma gida ya zauna saƙa, ya saƙa gura har yatsunsa suka tsage, ya naɗe su da tsumma ya ci gaba. Shi da 'ya'yansa da sauran masu gura suka nutsar da ɗari biyu a tafki. Shekarar farko kowace suka ɗago a cike take, har manoma suka riƙa zuwa da jakuna suna kwasar kifi don takin gona. Duk Baƙuwar da Nomau ya fitar, sai ya buga ta da ƙasa da ƙarfin da ya fi ƙarfin kifi. Ranar Sallah shi da Arzika suka tsaya sahu ɗaya, da mutum goma sha ɗaya a tsakaninsu. An ƙirga.

A shekara ta uku gura ta fara fitowa ba nauyi. Mutane suka fara yi masa barka, shi kuwa bai amsa ba, don in ya watsa dusa a saman ruwa sai wurin ya tafasa kamar tukunya. Wata safiya ya kwanta rub da ciki a gaban jirgi ya zuba wa gura ɗaya ido. Can sai ga wata Baƙuwa, ƙirji kamar na ɗan dambe. Ta sa kai a bakin gura, kafaɗa ta hana ta shiga. Ta tsotsi dusa iya inda bakinta ya kai, ta ja da baya, ta ba ta bayanta wuri. Layi suke yi.

Ya kwance bakin gura hamsin ya faɗaɗa. Suka shiga, suka ci, suka fito, kamar zauren Maigari ranar suna.

Akwai Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifinsu, mai bandar kifi. Ita kaɗai ce take karɓar kifi daga gulbi da tafki duka, don ba a haifi wanda zai hana ta ba. Nomau ya same ta tana jera kifi a kan wuta.

"Gwaggo, an yi wa ruwana asiri."

"An yi," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Na ma san wanda ya yi. Ga shi tsaye a gabana yana warin dusa."

"Gwaggo, ba wasa na zo ba."

"Ni na yi kama da mai wasa? Shekara uku kana kawo mini sirara, don su ne ke iya shiga bakin gurarka. Su wa ka bari a ruwa? Masu ƙirji. Mai ƙirji ta auri mai ƙirji, me kake so su haifa, allura? Wancan wawan wan naka kuma, shekara uku yana kwashe masu ƙirji da kallinsa, sirara suna bi ta ido suna ce masa sai an jima. Yanzu gulbinsa ya cika da tsinke. Jiya ya kawo mini shida, huɗu suka zurare cikin wuta."

Nomau bai so ya ji daɗi ba, amma ya ji. "To ya rage idon kallin mana."

"Wa? Shi da ya ƙona kallin mutum shida saboda idonsu bai kai yatsa uku ba? Dokar ubanku ce, kuma in ya saƙa mai yatsa biyu, 'ya'yan karfasan da suka rage zai fara kwashewa. Mutum shidan nan kuwa suna nan da ransu, kowa da ashanarsa." Ta juya wani kifi. "Ku yi musaya, ɗan nan. Damina ɗaya kawai. Kallinsa a tafkinka, gurarka a gulbinsa. Abin da ya tsere wa wannan, wancan ya kama. In Baƙuwa ta ƙare, a kan me za a fasa jirgin wani?"

"Na rantse, Gwaggo."

"Rantsuwa? Ciyar da mutum goma ne. Kawo hatsin, ni zan dafa."

"A gaban jama'a ya sayar da ni!"

"Ya sayar. Mutumin banza ne, tun yana goye na sani. To kifi ya ji? Kifi ya ce zai jira ka huce?"

Nomau ya tafi bai yi sallama ba. Shekara guda ya yi yana tauna maganar, tana tsaya masa a wuya. Ya san gaskiya ce, abin da ya fi ba shi haushi ke nan. In ya dubi jirginsa a ɗaure bakin gaɓa sai ya ce gobe zai je. In gobe ta yi sai ya tuna dariyar masu kalli, ya koma saƙa. Sai da ya rage damina ɗaya, sannan wata rana da hantsi ya tuƙa jirgi ya nufi shinge.

Bai daɗe da tsayawa ba sai ga jirgin Arzika ta ɗaya gefen. Ya rame, rawanin ya yi masa yawa. A cikin jirginsa Nomau ya hango kalli takwas, a wanke, a ninke, an ɗaure su da igiya kamar kayan da za a miƙa wa wani. Ashe Gwaggo ba mutum ɗaya ta zaga ba.

"Sarkin Ruwa, ina kwana."

"Lafiya lau, Nomau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

Ruwa yana bugun shinge. Nomau ya haɗiye fushin shekara huɗu.

"Na ce ko..."

Arzika ya riga ya sunkuya ya ɗago ɗaurin farko. Ya ɗora shi a kan shinge. Da ya tsaya nan, yara, da yau ba ku san wani kifi wai shi Baƙuwa ba. To Arzika irin mutanen nan ne da ba sa iya ba ka ruwa sai sun tuna maka kana jin ƙishirwa. Ya yi murmushi ya ce:

"Dama na san za ka zo."

Hannun Nomau yana kan hanyar zuwa ga kallin. Ya tsaya a iska.

"Ka san zan zo?"

"To ai, Nomau, gura..."

"Shinge na zo dubawa. Na ga gefenka ya fara ruɓewa. Ka gyara, kada tsinkayenka su shigo mini ruwa."

Ya sa filafilin tuƙi ya tokari shingen, jirgi ya juya.

"Nomau! Kai, Nomau! Ɗauki mana! Ni ma fa ina bukatar gurarka!"

Nomau ya ji. Har ƙarshen tafki yana jin muryar. Bai waiwaya ba, kuma a ranar ya ji daɗin rashin waiwayarsa sosai. Daɗin ya kai kusan azahar.

Damina ta biyar ta wuce, ruwa ya ja, aka kira mai birgi daga ƙetare, wani dattijo mai dogayen hannuwa da bai san kowa a garin ba. Gari duka ya fito. Aka fara da gulbi. Tun daga gaɓa ana ganin Baƙuwa, sirara, suna walƙiya a ruwa kamar an zubar da buhun allura. Nomau ya dubi yawansu, zuciyarsa ta ɗan kwanta.

Mai birgi ya jefa. Raga ta buɗe ta rufe wuri mai faɗi, ta nutse, ya fara ja. Da farko ta yi nauyi. Yana ja tana sauƙi, yana ja tana sauƙi, kifi yana zuba ta idon raga kamar shinkafa daga yagaggen buhu. Da ta iso hannunsa, guda ɗaya ne a ciki, shi ma da alama tsufa ne ya hana shi. Jifa uku, kifi huɗu.

Dattijon ya ɗaga birginsa ya duba ko ya yage. "Shekara talatin ina jifa," in ji shi, "ban taɓa ganin kifi ya bi ta raga kamar gidan ubansa ba."

A nan Nomau ya gane. Shekara biyar wansa yana tace gulbi da raga, har bai bar komai ba sai wanda raga ba ta kamawa. Birgi kuwa raga ce.

Aka koma tafki. Jifar farko sai da mutum biyu suka taya dattijon ja. Masu ƙirji ne, kowace ta cika ido ta toshe, ko ɗaya ba ta zurare ba. Aka zube su a gaɓa suna tsalle. Da ƙirga ta kai casa'in sai mai ƙirgar ya dubi Maigari, Maigari ya ce ya isa.

"Ranka ya daɗe!" Muryar Nomau ta fashe. "Kowa ya ga gulbin nan! Ƙafa za ka sa ka taka kifi! Nasa sun ninka nawa, wallahi sun ninka! Ku faɗi mana, kun gani ko ba ku gani ba?"

Mutane suka sunkuyar da kai. Sun gani.

"Ni ma na gani," in ji Maigari. Ya duba ko akwai wata baɗi da zai kai maganar, bai samu ba. "Amma ba da ido aka ce za a duba ba, da birgi aka ce. Wa ya ce a yi da birgi?"

Idon kowa ya koma kan Nomau. Ba a bukatar amsa.

Aka jawo jirgin Nomau kan gaɓa, aka kawo gatari. Sai Arzika ya matso, fuskarsa ta yi toka.

"Ranka ya daɗe, a bar masa jirgin. Ni na yafe. A bar shi ya zauna, ni zan..."

"Ka yafe?" in ji Nomau. "Kai ka yafe mini?"

Ya fizge gatarin daga hannun mai riƙe da shi. "Ba a yi mini sadaka da abin da yake nawa!" Ya ɗaga ya sauke a tsakiyar jirgin. Itace ne mai kyau, bai fashe da wuri ba. Ya sara, ya sara, gumi yana zuba, ba wanda ya iya matsowa, har jirgin ya rabu biyu. Ya jefar da gatarin a gaban wansa.

Sannan ya juya ga 'ya'yansa da sauran masu gura. "Ku zauna. Ni hukunci ya kama, ba ku ba. Amma duk wanda ya bar kalli ya shiga tafkin nan, ban yafe masa ba duniya da lahira."

"Allah ya shirye ku," in ji Gwaggo Tabawa daga cikin taro. "Kifi bakwai ya fi ku hankali ku biyu."

Nomau ya bar Tungar Kaiwa a ranar, a ƙafa, abin da ba a taɓa ganin masunci ya yi ba. An ce ya zauna a wani gari na tudu, yana saƙa wa mata kwandon cefane, kuma har ya rasu bai sake cin kifi ba. Arzika ya ci nasara. Ya zauna da sarautarsa da gulbi cike da kifin da kallinsa ba ya kamawa. Ya aika wa masu gura sau uku, sau uku ɗan aike ya dawo a jiƙe.

Shi ya sa har yau, in kun je kasuwar Tungar Kaiwa, ba sai kun tambayi mai kifi daga ina ba. Siririya ta gulbi ce, jikar waɗanda suka bi ta idon kalli. Mai faɗi ta tafki ce, jikar waɗanda kafaɗa ta hana shiga gura. Mutanen sama suna nan da kallinsu, na ƙasa da gurarsu, kowa yana kwashe wadda yake iya kamawa yana barin wadda ta fi ƙarfinsa ta yi aure. Wasu malamai sun taɓa zuwa daga birni da ma'auni, suka auna tsawo da faɗi, suka ce gudun ruwa ne ke miƙe na gulbi. Ba wanda ya musa musu, baƙi ne. Shingen kuwa itace ne da kaba, ruwa yana cinye shi duk damina. Da zarar ruwa ya ja, sai masu kalli da masu gura su haɗu a Maƙogwaro, ba gaisuwa, su kafa sabo. Shi ne kaɗai aikin da suke yi tare, kuma ba a taɓa jin sun makara ba.